Allunan kankare goma da rabin duro: inda na kwana kan batun zare

'Yan uwa masu koyon aikin siminti, barkanmu da war haka. Yau kwana 28 cif da zubin da na yi muku alkawari, kuma da hantsin nan na karya allunan duka. Ga yadda ta kaya.

Ga wanda bai ji mafarin ba: a watan Afrilu na zuba murafen kwata guda uku a tsakar gidanmu nan Gadarif, a Sudan, kafin la'asar fuskarsu ta tsattsage kamar baƙar ƙasar gonakin riɗi da rani. Kawu, wanda ya yi rayuwarsa yana ginin jalus, wato ginin ƙasa, ya duƙa ya bi tsagar da farce. Ya ce, "Ɗana, mu ba mu taɓa kwaɓa ƙasa tsurarta ba, sai da ciyawa. Zibalar da ake shafe katanga da ita kafin damina, me ke riƙe ta in ba ɗan haki da ƙaiƙayin da ke ciki ba?" Maganar nan ce ta hana ni sakat, har na ƙudura in gwada sa zare a cikin kankare.

Na haɗa akwatunan katako goma, kowanne tsawon santimita 60, faɗin 10, kaurin 3. Kwaɓi iri ɗaya: siminti awo 1, yashi awo 2, ƙananan tsakuwa awo 3, ruwa kuma rabin nauyin siminti. Biyu na bar su ba komai. Biyu na sa musu zaren buhun leda irin na taki, wanda na warware na yayyanka kamar santimita 2. Biyu rama kaɗan, giram 10 a kowane allo, biyu kuma na cika musu hannu da giram 40. Na ƙarshen biyu na sa musu wayar ɗaure rodi, na datsa ta santimita 3-3, na lanƙwasa bakin kowace da filaya. Dare biyu wannan ya ci min.

Awon ledar ya ba ni mamaki. Zaren roba da kamfanoni ke sayarwa, wanda ake kira folifurofilin, abin da aka saba zubawa bai cika wuce giram 600 zuwa 900 a kubik mita ɗaya (mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri) na kankare ba. A allona wannan bai kai giram 2 ba, ɗan abin da za ka tsinta da yatsu uku. Na ƙarfe kuwa ana sa kilo 20 zuwa 40, don haka kowane allo ya samu kamar giram 54.

Ranar zubi ce na sha wuya, kuma a nan nake so ku dakata da ni. Da na watsa rama mai yawan nan, kwaɓin ya ƙame nan take. Zaren ya tsotse ruwa, ya dunƙule ƙulli-ƙulli kamar gashin da aka tsefe, cokalin gini ya ƙi shiga. Hannuna har ya kai kan moɗa zan ƙara ruwa, na fasa. Duk ruwan da ya wuce abin da siminti ke bukata, in ya ƙafe, ƙananan ramuka yake bari a ciki, kuma ramukan nan su ne raunin kankare. Mutum zai sa zare don neman ƙarfi, ya zo ya zubar da ƙarfin da moɗa ɗaya. Abin da ya kamata in yi, wanda na gane daga baya, shi ne in jiƙa ramar tun dare, in matse ta, sannan in yi ta barbaɗawa kaɗan-kaɗan cikin busasshen yashi da siminti kafin ruwa ya taɓa su.

Ban-ruwa ban yi wasa da shi ba. Na lulluɓe su da jiƙaƙƙen algarara, safe da yamma ina yayyafawa, duk da kun san yadda ruwan karo, wato na amalanken jaki, yake da tsada a garin nan.

To, gwajin. Na jera bulo gefe biyu, tazarar santimita 50, na ɗora allo, na rataya rabin duro a tsakiyarsa da igiya. Ƙanena yana zuba ruwa lita-lita, ni ina ƙirga, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Na haɗa da nauyin duron a lissafi.

Waɗanda ba komai a ciki sun kai wajen kilo 44. Ba gargaɗi, ba ƙara, sai ɓas, allo ya rabu biyu, duro ya faɗi ƙasa. Masu leda da masu rama kaɗan sun tsage a kusan nan ɗin dai, ɗaya ma ya gaza da kilo uku. Masu rama da yawa ba su wuce 31 ba, kuma da na duba bakin karayar na ga ƙullin zare busasshe da siminti bai ratsa ba, ga kogo a gefensa. Masu waya sun tsage wajen 47.

In lambobin nan kaɗai za a duba, sai a ce wahalar banza na yi. Amma abin da ya faru bayan tsagewar shi ne labarin. Mai rama kaɗan ya buɗe baki, ya sunkuya, bai rabu ba. Kana jin zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙis, ƙis. Mai waya kuwa ya tsage, duron na rataye, ya ci gaba da riƙe shi. Tsagar ta buɗe har ina hango wayoyin sun gitta kamar ɗinkin ƙwarya, lanƙwasassun bakunan sun kafe a ciki. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ya ji ciwo amma bai saki ba."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kankare gwani ne wajen ɗaukar danniya, amma in ana jan sa, ƙarfinsa kamar kashi ɗaya cikin goma ne na wancan. Allon da aka rataya wa kaya, samansa ana matsawa, ƙasansa ana ja, shi ya sa daga ƙasa tsaga ke farawa. Kafin ta fara, zare kusan zaman jira yake yi. Sai ta buɗe aikinsa ke tashi: ya gitta, ya ɗauki jan, ya hana ta gudu. Saboda haka wanda ya ce muku zare zai ninka ƙarfin kankare, ku tambaye shi wane ƙarfin yake nufi.

Ledar ma ba ta tafi a banza ba, a wani fagen ne amfaninta. Na zuba faranti biyu sirara ranar zubin, ɗaya da leda ɗaya ba komai, na bar su a rana da iska da gangan. Marar zare ya yi tsagar nan irin ta Afrilu, wadda ke zuwa a sa'o'in farko in fuskar ta bushe kafin cikin ya kama. Mai leda da ƙyar na samu layi biyu. Sai dai zaren buhu santsi gare shi, na ga yana zarewa daga karaya ba tare da ya tsinke ba.

Rama ce ke damuna. Siminti kaifi ne da shi irin na toka da kanwa, har ya fi su, kuma a hankali yake cin zaren tsiro in akwai danshi. Abin da ya riƙe a kwana 28 ba lallai ya riƙe bayan damina biyu ba. Zaren gilas ma haka siminti ke yi masa, sai wanda aka yi musamman don jure wannan.

Roƙona gare ku: kada kowa ya karanta wannan ya rage rodi a rufi ko ginshiƙi ko kan ƙofa. Abin da na gwada na murfin kwata ne, da tukwanen fure, da daɓen tsakar gida. Allo biyu-biyu a bayan ɗaki ba su isa a ɗora rai a kansu ba.

Gutsattsarin masu rama na binne su gindin darbejiya inda ruwan alwala ke gangarawa, zan tono su bayan damina in ga abin da ya rage na zaren. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan sake zuba murafen kwatar da waya da 'yar leda a haɗe, bayan sallar la'asar in rana ta yi sanyi. Wanda ya san hanyar datsa waya da ta fi filaya sauri, don Allah ya taimaka min da ita kafin nan.