Wata bakwai muna maganin sanyi

Har yau idan na ga bagaruwa a kasuwar Agege sai gabana ya faɗi. Ni ce na riƙa sayo wa Yayata ita, ni ce nake dafa mata ruwan tsarki, wata bakwai cur.

Ruwa mai wari ne ya fara zubo mata, wani lokaci da ɗan jini, alhali ta kusa shekara biyu da daina al'ada. Duk matan gidanmu baki ɗaya suka ce sanyi ne, ni ma na ce sanyi ne. Muka bi kemis, muka yi na matsi, muka yi na Hausa. Warin ya lafa kwana biyu ya dawo. Da muka yi sikanin na ciki aka ce ba a ga wani abu ba, sai na ƙara sakin jiki. Ashe wannan hoton ba lalle ne ya nuna abin da ke bakin mahaifa ba, sai likita ta duba wurin da idonta. Ranar da aka duba, nan take aka ɗebi nama, sakamako ya fito sankara ce.

Likitar, Bayarabiya mai haƙuri, ta tambayi abin da muke yi a gida. Na faɗa mata komai, kunya kamar in nutse. Ta ce ƙwayar HPV ce ke kawo ciwon, musamman nau'i na 16 da 18, tsarkinmu bai haifar da shi ba. Amma a gaban mace akwai ƙwayoyi masu amfani, Lactobacillus, su ke riƙe tsamin wurin don ya kare kansa. Yawan wanke ciki da cushe-cushe na korarsu, kuma an lura HPV ta fi daɗewa a jikin matan da suka rasa su. Babbar ɓarnar dai lokaci ce. Jini bayan daina al'ada, in ji ta, a makon nan ya kamata a zo asibiti.

Sai aka turo mu hoton MRI, injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu. Na cire wa Yaya 'yan kunne da zobe, har fil ɗin mayafi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ki tsaya kusa." Daga waje ina jin injin yana bugawa kamar ana daka, sama da rabin awa, ita kuma an ce kada ta motsa. Hoton ya nuna ciwon ya zarce bakin mahaifa ya shiga naman gefe, mataki na 2B. Tiyata ta wuce ke nan, sai gashi, wato ƙona ciwon da haske, da kuma kemo, ƙarin ruwan maganin sankara da ake yi duk mako. Na tambayi likita ko da mun zo da wuri da an cire. Ta yi shiru kaɗan ta ce mai yiwuwa ne. Wannan amsar na kwana da ita.

Yaya ta gama gashi, alhamdu lillahi tana cin abinci, tana zuwa Islamiyya. Ko sau ɗaya ba ta ɗora mini laifi ba, ni ce ban yafe wa kaina ba tukuna. A 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, ni kuwa da farko na hana 'yata saboda surutun unguwa. Satin da muka karɓi hoton nan na kai ta da kaina, ni ma na kwanta aka duba ni.