Ranar Awo da Tambayar Mai Cikin Fari

Laraba, da daddare.

Yau ranar awon ciki ce, kuma cikin matan da na karanta wa sakamakon gwajin jini, guda ɗaya ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Cikinta na fari ne, wata huɗu, kuma gwajin ciwon hanta nau'in C ya nuna alama a jininta. Tana jin haka jikinta ya yi sanyi, ta ce, "Sista, ke nan abin da ke cikina ma ya ɗauka?"

Sai da na ja kujera kusa da ita, na bayyana mata cewa gwajin farko sawun cutar kawai yake gani, wato shaidar cewa jiki ya taɓa karo da ƙwayar, alhali kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu kan kawar da ita da kansa. Gwaji na biyu, mai neman ƙwayar kanta, shi zai raba gardama. Ko ya tabbata tana da ita, jarirai kimanin 6 ne cikin 100 ke ɗauka daga uwa, haihuwa ta tiyata ba ta rage wannan haɗari, kuma ba a hana shayarwa sai idan kan nono ya tsage yana jini.

Bayan ta fita, wata abokiyar aikina ta ce ita ba ta ga amfanin ɗaga hankalin mai juna biyu ba, tunda nau'in C ba shi da allurar rigakafi kamar B, maganinsa kuma galibi sai an haihu ake farawa. Ban yarda da ita ba. Cutar kan yi shekaru tana cin hanta a ɓoye, mata da yawa kuma ba a ɗibar jininsu sai a wurin awo. Tun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ba da shawarar gwada mace a kowane ciki. Ƙwayoyin magani na mako 8 zuwa 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, amma sai wadda aka gano.

Abin da ke damuna shi ne bayan haihuwa, lokacin da hidimar jego kan sa uwa ta manta da kanta. Saboda haka na rubuta a katinta, da jan biro, cewa idan sakamako na biyu ya tabbatar, a gwada jaririn tsakanin wata 2 zuwa 6, ita kuma a haɗa ta da likitan hanta. Mako mai zuwa za ta dawo.