Ku je ku gaya wa mai tukunyar

Tun da aka tabbatar wa mahaifina ciwon sukari a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na shiga sahun 'yan unguwarmu masu fita wayar da kan jama'a game da wannan cuta, tare da wata ma'aikaciyar jinya da ke ba mu lokacinta kyauta. Fitarmu ta farko ta dace da 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda aka zaɓa saboda ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin masanan da suka gano insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a Kanada a 1921. Mai unguwa ya ba mu zaurensa a cikin birni, kusa da Ƙofar Doka, maza suka cika tabarmi bayan sallar asuba, domin mun roƙi kowa ya zo kafin ya karya kumallo.

Gwajin ba shi da wahala, ɗigon jini ne daga ɗan yatsa. Wanda na'ura ta nuna masa 126 ko sama da haka alhali bai ci komai ba, muka ce ya je asibiti a sake aunawa domin a tabbatar. Wanda ya faɗa tsakanin 100 da 125 kuwa, muka shaida masa cewa yana bakin gaɓa. Muka yi bayanin alamomi, wato yawan fitsari da dare, ƙishirwa, rama ba dalili, gani dishi-dishi, da gyambon da ya ƙi warkewa. Da muka shiga batun abinci, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce mini, "Yaro, ni abin da aka zubo mini a kwano shi nake ci. Ku je ku gaya wa mai tukunyar." Aka yi dariya, amma ni na ji kunya, domin mun shirya taron abinci ba tare da mace ko ɗaya a cikin masu sauraro ba.

Mako biyu bayan haka muka nemi izinin malamar wata Islamiyyar matan aure, kuma a nan ne na ga inda gizo ke saƙa. Wata tsohuwa ta ce an hana mijinta komai sai acha da tuwon alkama, ga tsada, ga shi ya gaji har ya fara satar cin waina a waje. "To 'yar nan," ta ce da ma'aikaciyar jinyar, "talaka kuma ya mutu ke nan?" Ita kuwa ta amsa, "A'a Inna, alkama ma idan aka cika kwano da ita tana ɗaga sukari kamar masara. Yawan ne abin dubawa." Ta sa aka kawo malmalar tuwo biyu, ta ɗauke ɗaya, ta ce a cike gurbinta da miyar kuka ko kuɓewa ko kwaɗon zogale, a ƙara da wake idan da hali. Da ta zo kan fate, wanda ba a raba Bazazzagi da shi, ta ce ba sai an daina ba, a rage tsaki ne a yawaita rama da yakuwa da alayyafo. Na ga fuskoki sun saki, domin duk abin da ta ambata yana nan a kasuwar Tudun Wada, wani ma a bayan gida yake.

Abin da ya fi girgiza su shi ne kwalbar lemo. Muka ajiye ta a kan faranti, muka auna cokalin shayi tara na sukari a gefenta, wanda kusan shi ne abin da ke cikin kwalba ɗaya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, har da na shayi da koko da zoɓo. Wata ta tambaya ko zuma za ta maye gurbinsa, aka ce mata ita ma tana ɗaga sukarin jini. Batun shuwaka da saiwoyi masu ɗaci kuwa, a ganina nan ne ya kamata mai wayar da kai ya yi taka-tsantsan, domin idan ka raina abin da mutum ya gada ba zai sake sauraronka ba. Abin da muka nace a kai shi ne kada a ajiye maganin asibiti saboda su, kuma mai son yin azumi ya fara ganin likita tun cikin Sha'aban.

Har yanzu akwai waɗanda muka tura asibiti ba su je ba, wasu saboda kuɗin mota, wasu saboda tsoron abin da za a faɗa musu, shi ya sa muka raba sunayensu a tsakaninmu muna bin su gida-gida. Ni aka ba wa dattijon nan na zaure, kuma ranar Asabar mai zuwa zan ɗauke shi a babur mu tafi Shika tare.