Abin da na tarar a ƙarƙashin kafet ɗin bene kafin in sayar da gida

Mai sayen gida in ya hau bene, kafin idonsa ya gama zagaya ɗakuna, hancinsa da kunnensa da tafin ƙafarsa sun riga sun yanke hukunci. Akwai wari? Daɓen yana ƙara in an taka? Ƙafa tana samun laushi ko tana dukan tauri? Amsar duka ukun tana ƙarƙashin kafet. Shi ya sa aikin canza kafet da na yi wa lissafin kwana biyu ya cinye mako guda, kuma yawancin kwanakin a kan gyaran daɓe suka tafi.

Benen ɗakunan kwana uku ne, da korido, da banɗaki, da matakala mai hawa 13. Daɓen na falankin katako ne mai kaurin milimita 18, an kafa shi a kan manyan katakan da ke ɗauke da shi daga ƙasa. Kafet ɗin ya haura shekara goma. Na fara gwada wanki da inji, ya yi fes na kwana biyu, sai tabon ya sake tasowa. Dalili kuwa shi ne dattin ya riga ya ratsa zuwa soson da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet, yayin da kafet ke bushewa sai zaren ya riƙa jawo shi sama kamar lagwani. Gashin kafet ɗin korido kuma ya kwanta ya murtsuke, wanki ba ya tayar da wannan. In ka ga alamun nan biyu, kada ka ɓata kuɗin wanki na biyu.

Da farko laminet, wato siraran alluna masu kamar katako da ake harhaɗawa a kan daɓe, na so in shimfiɗa ko'ina, don ya fi kyau a hoto. Abu uku suka hana ni. Na ɗaya ƙara: a kan daɓen katako, duk takun da aka yi a sama wanda ke falon ƙasa yana jin sa, soson laminet kuwa milimita 2 zuwa 3 ne kawai, ba ya shanye komai sosai. Na biyu, laminet da binil (daɓen roba) mai haɗe-haɗe suna son daɓe miƙaƙƙe. Yawancin masu ƙera su ba sa yarda da rami ko tudu da ya wuce kusan milimita 3 a tsawon mita 2. Na ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe a ɗaki ɗaya, na ga haske na ratsawa ta ƙasansa har milimita 7. In aka shimfiɗa a haka, bakin haɗin yana lanƙwasawa duk lokacin da aka taka, har ya karye. Na uku matakala, wadda kowane hawa sai an yanka masa nasa, an manne da gam, an sa masa ƙarfe ko katakon baki, ga santsi. Sai na tsaya a kan kafet iri ɗaya, launi ɗaya, daga matakala har ɗakuna, banɗaki kuma binil na shimfiɗa, don kafet da ruwa ba sa shiri.

Launi na ɗauki toka-toka mai ɗan ruwan ƙasa, mai ɗigo-ɗigo kaɗan, saboda yana ɓoye sawun masu zuwa kallon gida. Fari sol yana nuna komai, mai duhu sosai yana ƙanƙantar da ɗaki kuma yana fito da kowane zare da ya faɗi. Zaren nailon ya fi jure taku, foliyesta ya fi araha da laushi amma yana saurin kwanciya a matakala. Ga mai sayarwa, matsakaicin kafet ya wadatar. Ba kai za ka zauna a kansa ba, kuma wanda ya saya yana iya cire shi cikin shekara biyu.

Inda ban yi rowa ba shi ne soson ƙasa. Shi ƙafa take ji, shi ke shanye ƙara, kuma matsakaicin kafet a kan soso mai kyau ya fi kafet mai tsada a kan soso marar ƙwari daɗin taku. A ɗakuna na sa mai milimita 10. A matakala da korido na sa mai milimita 8 amma mai tauri, domin soso mai kauri da laushi a bakin hawa yana sa kafet ya riƙa motsi, ya saki ƙusoshinsa, ƙafa ta zame. Kada ka yarda a bar tsohon soso wai don bai yage ba. Warin da kake son kora a cikinsa yake.

Awo yana yaudarar mutane. Kafet a naɗe yake zuwa, faɗinsa galibi mita 4 ko mita 5, a wasu ƙasashen ƙafa 12, wato kusan mita 3.66. Ɗakin da yake mita 3.6 da mita 4.2 faɗin ƙasansa bai wuce murabba'in mita 15.1 ba, amma in faɗin naɗin mita 4 ne sai ka yanki tsawon mita 4.3, ka biya kuɗin murabba'in mita 17.2. Ka auna har cikin bakin ƙofa da cikin kabad, ka auna kowane bango a wuri biyu don ɗakuna ba sa cika zama daidai, ka ƙara santimita 10 a kowane tsawo. Ka sayi komai lokaci guda daga rini ɗaya, don naɗi biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a launi. Gashin kuma dole ya fuskanci gefe ɗaya a ko'ina, a matakala ya kwanta yana kallon ƙasa. In aka juya yanki ɗaya don a rage asara, da rana ta haska za ka rantse kafet biyu ne daban.

Cirewa ba wuya. Ka kama kusurwa da filaya ka ja, ka yanka kafet ɗin ta bayansa tsiri-tsiri kamar faɗin mita ɗaya, ka naɗe ka ɗaure, don ya sauku ta matakala ba tare da ya goge bango ba. Ka sa safar hannu mai kauri da takunkumi. Abin da ke cin lokaci shi ne ƙananan ƙusoshin sitefula da suka riƙe soson, ɗaruruwa a kowane ɗaki, kowanne da ɗan guntun soso a maƙale. Wanda ka bari zai zama ƙulli a ƙarƙashin sabon kafet. Siraran katakan nan masu ƙusoshi a tsaye da ke bin gindin bango suna riƙe bakin kafet, in ba su yi tsatsa ko ruɓa ba, ka bar su. In kuma ka tarar da tsofaffin tayil na roba a gidan da aka gina kafin shekarun 1980, kada ka kankare su ko ka goge da inji sai an gwada, don wasu na ɗauke da asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Da daɓen ya fito fili na bi shi taku-taku da alli a hannu, duk inda ya yi ƙara na zana da'ira. Na samu wuri 17. Ƙarar nan ƙusa ce ta saki, falanki yana hawa da sauka a jikinta. Sake buga ta aikin banza ne, za ta kuma saki. Sukuru mai tsawon milimita 50 ake ɗaurawa, a bi layin tsofaffin ƙusoshi don nan katakon ƙasa yake, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20, kan sukurun ya nutse kaɗan. Hattara da bututun ruwa da wayar lantarki, musamman a korido da kusa da banɗaki, inda sukan ratsa ta cikin katakan. Inda na yi shakka, ɗaga falankin na yi na leƙa.

Tabon fitsarin dabba ko na ruwa da ya shiga katako, sai ya bushe sarai, sannan a shafe shi da fentin share fage mai toshe wari, irin mai shalak (wani irin ƙaro da ake narkawa a shafa wa katako), shafi biyu, a zarce bakin tabon da kamar tafin hannu. In katakon ya yi taushi har tsinin sukurudireba na shiga, yanke wurin za a yi a sa sabo.

Fentin bango da na katakon gindin bango na gama su tun daɓe na tsirara, na bar su kwana biyu su yi tauri, don bayan kafet kaushi gare shi, yana karce ɗanyen fenti.

Kuskuren da ya ci ni a wajen miƙa kafet ne. Mai shimfiɗar ya yi babban ɗaki da ɗan ƙarfen da ake bugawa da gwiwa kawai. Bayan kwana goma tudu ya taso a tsakiyar ɗakin kamar kunya a gona. Wancan ƙarfen na saita kusurwa ne da matakala. Ɗaki sai da dogon mamiƙi mai sanda, wanda ake tokarawa da bango ɗaya a ja kafet zuwa ɗayan. Sai da aka fitar da kaya aka sake ja aka yanke rarar. Ka tambayi mai aikin tun kafin ku yi ciniki da me zai miƙa, kuma a ina haɗin zai faɗo. Kada ya faɗo a tsakiyar hanya, kuma gara ya miƙe zuwa wajen taga da ya gitta hasken, don haske na gefe yana tona shi.

Sabon soso da sabon kafet sun fi tsoho tudu, ƙofofi biyu suka ƙi rufuwa, aka cire su aka rage milimita 6 a ƙasan kowacce. Sabon kafet kuma yana da nasa warin, yana zubar da gashi a makonnin farko. Na bar tagogi a buɗe kwana uku, na bi shi da injin zuƙar ƙura kullum, sai a rana ta huɗu na kira mai ɗaukar hoto. Ragowar kafet ɗin, kamar mita ɗaya, na naɗe na ajiye a kabad tare da takardar da ke nuna sunansa da lambar rininsa, saboda wanda zai saya.