Godiya Ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Bikin Haska Fim Ɗinmu a Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kwamitin shirya taro, muna gode wa Allah da ya nuna mana Asabar ɗin da ta wuce lafiya. An haska fim ɗin karo na farko, an ƙaddamar da waƙoƙinsa uku, an watse babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Uban taro da uwar taro, Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana. Baƙinmu na Kano da Kaduna da Funtuwa, da 'yan gida daga Birni, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru da Wusasa, mun ga zumunci, Allah ya bar mu tare.

Jarumai da mawaƙa sun sha tafi a daren, kuma sun cancanta. Akwai kuma mutanen da ko hoto ɗaya ba a ɗauke su ba, alhali a wuyansu taron ya rataya. Su muke son jama'a su san abin da suka yi, dalla-dalla, ko wani mai shirin irin wannan biki a garin nan zai amfana.

Mu fara da mai wuta da yaransa biyu. An kai kamar minti 40 da fara fim aka ɗauke wuta, amma yawancin 'yan kallo ba su ma sani ba. Dalili shi ne tun da rana ya raba layi biyu. Majigi da kwamfuta da mikisa (na'urar daidaita sauti) ya ɗora su a kan UPS, wato na'urar batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, sifikoki da fitilu da fankoki kuma suna kan layin janareto mai 20 kVA, wanda aka tayar tun kafin a buɗe ƙofa, aka bar shi yana aiki. Wanda ya san majigi mai ƙwan fitila ya san amfanin wannan. In wuta ta yanke masa kwatsam, fankarsa ta ciki tana tsayawa alhali ƙwan yana da zafi, sai an jira ya huce kafin ya sake kamawa, kuma ƙwan yana saurin mutuwa. Minti biyu na duhu a ɗakin da ya cika maƙil ba ƙaramin abu ba ne, nan take ake fara fito da haska fitilar waya. Injin irin wannan yana shan lita 4 zuwa 5 na gas a awa in an ɗora masa kaya sosai, don haka ya ce a sayi lita 50, kuma ya hana a ƙara mai inji na kunne. Ya kuma kafa shi can bayan katanga don ƙararsa kada ta shiga ɗaki. Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Sai mai sauti, wanda aikinsa ya fi na kowa wahala. Ɗakin taron tayil ne a ƙasa, bango siminti zalla, murya tana bugun bango ta dawo. A waƙa ba a cika lura ba, amma a hirar fim bala'i ne, domin Hausa harshe ne na karin sauti da jan wasali, da zarar amsa-kuwwa ta cinye ƙarshen kalma magana ta zama gunaguni. Abin da mutane suka saba yi shi ne ƙara ƙara, wanda kuma ƙara dagula abin yake yi. Shi sai ya rage bes, wato kaurin sauti, ya sa sifika biyu a gaba, biyu a tsakiyar ɗaki a kan sanda sama da kan mutum, ya rage ƙarfin kowace, sannan ya sa aka rataya darduma da labule masu kauri a bangon baya. Da aka jona kwamfuta da mikisa sai ga wani gurnani a sifika. Ya cire cajar kwamfutar, gurnanin ya ɗauke, nan ya gane matsalar ta wayar ƙasa ce tsakanin na'urorin biyu, ya sa ƙaramin akwatin nan da ake kira DI a tsakani, magana ta ƙare. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: waƙoƙin fim suna fitowa daga situdiyo da ƙarfi fiye da hira. Tun daga farko har ƙarshe hannunsa na kan mikisa, waƙa ta shigo ya sassauta, hira ta dawo ya ɗaga. Ko ruwa bai tashi ya sha ba.

Muna roƙon masu jawabi a ko'ina su ɗauki abu ɗaya daga wajensa: kada mai riƙe da makirfo ya wuce gaban sifika. Kukan nan mai huda kunne daga nan yake fitowa, ba laifin kayan ba ne.

Edita da mai majigi sun kwana a ɗakin ranar Juma'a suna kallon fim ɗin daga farko har sunayen ƙarshe, ba tsallake. A nan aka gano cewa a kashi na ƙarshe murya tana riga baki da ɗan kaɗan, aka koma aka sake fitar da shi kafin asuba. Da gwajin minti biyar aka yi kamar yadda aka saba, da a gaban jama'a za a gani. Fayil ɗin ya haura gigabait 4, filashin farko ya ƙi karɓa saboda tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil mai girman haka, sai da aka mayar da shi tsarin exFAT. Ba daga filashi aka kunna ba, an kwafe shi cikin kwamfuta, an kashe intanet da duk wata sanarwa, an hana allon yin barci, ga kwamfuta ta biyu a gefe da kwafinta. Wayar HDMI, mai kai hoto daga kwamfuta zuwa majigi, ba ta wuce mita 10 ba, don in ta yi tsawo da yawa hoto kan riƙa ɗaukewa. Allon faɗinsa ƙafa 16, tsayinsa ƙafa 9, kuma an ɗaga gindinsa ƙafa 5 daga ƙasa. Wannan ɗagawar ta yi rana. Ƙasan ɗakin shimfiɗe yake babu tudu, ga huluna ga ɗaurin ɗankwali, fassarar Turanci kuma a ƙasan allo take. Zariya gari ne na makarantu, akwai ɗalibai da maƙwabtanmu da ba Hausa ce ta ishe su ba, kuma sun bi labarin har ƙarshe.

Tsarin lokaci shawarar limamin masallacin da ke kusa ne, Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Jan kafet da hotuna da jawabai da waƙoƙi daga bayan La'asar zuwa Magariba, abinci tsakanin Magariba da Isha'i, fim bayan Isha'i. Ba a katse fim don salla ba, ba a kuma jinkirta salla don fim ba, sannan duhu ya sauka, hoto ya fito tas ba sai an toshe tagogi ba. Mai gabatarwa ya ba kowane mai jawabi minti uku, ya kuma iya karɓar makirfo daga hannun manya cikin ladabi, wanda ba kowa ke da wannan baiwa ba.

Yanzu sai ban haƙuri, kuma laifin namu ne mu kwamiti. Kujera 350 muka jera. Tikiti yana da lamba, ana yage rabi a buga hatimi a hannu, wannan ya tafi daidai. Katin gayyata ne muka buga ba mu rubuta adadin mutanen da zai shigar ba, sai kati ɗaya ya zo da mutum uku ko huɗu, kuma babu yadda za a yi a mayar da iyalin mutum daga bakin ƙofa. Mutane da dama sun tsaya a tsaye kusan rabin awa kafin mai kujeru ya ƙaro 60, ciki har da iyayenmu mata. Wannan ya dame mu ƙwarai, muna roƙon gafara. Samarin da suka tashi suka ba dattawa wuri ba tare da an roƙe su ba, Allah ya ba ku masu yi muku. Nan gaba kowane kati zai ɗauki lambar kujera.

'Yan mata da samarin da suka yi aikin zaunar da baƙi, yawancinsu ɗaliban wasan kwaikwayo ne, sun nuna tarbiyyar dandali da aka san Samaru da ita. Sun ware ɓangaren mata da na maza, sun bar hanya a tsakiya da gefe biyu, kuma sun ƙi yarda a sa kwaɗo a ƙofofin baya duk da masu son leƙowa. Mun goyi bayansu ɗari bisa ɗari. Ƙofar fita a taron dare ba abin kullewa ba ce, a tsayar da mutum a bakinta kawai.

Masoya mawaƙa, mun san hana liƙi bai yi wa wasu daɗi ba. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Shi ya sa aka ajiye faranti da na'urar POS a gefen dandamali. Kun yi karamci ta nan, kuma dandamali bai cika da jama'a an tuntsurar da waya ba. Mawaƙanmu su ma sun rera da bakinsu a kan kiɗa zalla, ba bin faifai suka yi ba, shi ya sa amshin da ɗaki ya ɗauka ya yi armashi haka.

Godiya ta musamman ga 'yan kallo kan wayoyi. An roƙi a ɗauki jan kafet da waƙoƙi yadda ake so, amma a ajiye waya idan fim ya fara, kuma kun ajiye. Fim ɗin ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ya samu takarda, an kashe masa kuɗi da watanni, kwafi ɗaya mai rawa da aka ɗauka daga kujera ya isa ya zaga WhatsApp kafin gari ya waye. Gajerun yankuna masu tsabta na daƙiƙa 30 suna shafinmu na Facebook, a ɗauka a yaɗa, da izininmu.

Matan da suka yi zoɓo da kunun aya da samosa, da mai fiya wata da ya kawo jaka 40 masu sanyi, da 'yan sintirin unguwa da suka tsare ababen hawa da lambar kati, da masu Keke Napep da suka jira har aka tashi wajen goma saura don kai mata gida, da 'yan'uwan da suka sauki baƙin Kano don kada su hau hanya da dare, da dattijon da ya share ɗakin da asuba, duk Allah ya saka da alheri, ya biya buƙatu.

An tsinci mayafi guda biyu, da makullin babur, da tabarau na magani a layi na huɗu ɓangaren maza. Suna wurin mai gadin ɗakin taron, mai abu ya je ya faɗi kamanninsa ya karɓa.

Kwamitin Shirya Taro, Zariya.