Godiya ga waɗanda suka dawo mana da facinmu don mu gyara

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kammala zaman bita kan kai rahoton kuskure da aika faci, wato gyaran da aka yi wa rubutun manhaja, ga masu asalin manhajojin buɗaɗɗen tushe, waɗanda kowa zai iya duba rubutunsu ya gyara. Yaba kyauta tukwici, don haka ga namu.

Muna godiya ga malaman da suka hana kowa rubuta "ba ya aiki" ya yi gaba. Sai ka faɗi sigar manhajar, irin kwamfutarka, matakan da za a bi kuskuren ya sake fitowa, abin da ka zata da abin da ya faru. Saƙon kuskuren kuma a kwafo shi a rubuce, ba hoton allo ba. Kafin nan ka gwada sabuwar siga daga tushe, domin sau da yawa an riga an gyara, kai ne labari bai iso wa ba. Wanda ya koyar da git bisect, umarnin da ke nemo canjin da ya kawo kuskure, Allah ya ƙara basira: kana nuna masa sigar da take lafiya da wadda ta lalace, yana raba tazarar biyu, cikin canji 1,000 gwaji kusan 10 ya isa a kama mai laifin.

Babbar godiya ga masu kula da manhajojin da suka karanta facin mahalarta layi bayan layi. Dawo da faci ba wulaƙanci ba ne, lokacinsu suka ba mu. Daga gyaransu aka gane cewa faci ɗaya matsala ɗaya yake ɗauka. Wanda ya cusa gyaran kuskure da gyaran tazarar rubutu wuri guda, za a ce ya raba. A kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta na Linux, ana fitar da faci da git format-patch, a tace da checkpatch.pl, a tambayi get_maintainer.pl wa za a aika wa, sannan a tura da git send-email. Kada a liƙa shi a imel na burauza, yana mayar da tab tazara, ya karya dogon layi, facin ya ƙi hawa. Layin Signed-off-by, wato sa hannun mai facin, dole ne, git commit -s yana sa shi. Idan wani tsohon canji ne ya jawo matsalar, a sa layin Fixes: da aƙalla haruffa 12 na farkon lambar shaidar wannan canjin. Zagaye na biyu a yi masa alamar v2, bayanin abin da aka sauya ya zauna ƙarƙashin layin ---, don kada ya shiga tarihin manhajar.

Sun kuma ja kunne kan kuskuren tsaro: ba a shelanta shi, ta adireshin sirri na aikin ake kai shi.

Mun gode wa waɗanda suka ara kwamfuta da masu taya gwaji. Inda muka gaza a yafe mana.

'Yan uwa da har yanzu ba su ji amsa ba, a jira aƙalla mako guda kafin tuni, musamman idan an faɗa cikin makonni 2 da Linus Torvalds, jagoran kanel ɗin Linux, ke karɓar sababbin canje-canje, lokacin hannun kowa a cike yake. Allah ya saka wa kowa da alheri.