Matasa da inshorar lafiya

Kamfanonin inshorar lafiya suna son matasa kamar me, kuma dalilin a fili yake. Matashi yana zuba kuɗinsa a kai a kai, amma ba kasafai yake kwanciya a asibiti ba. Da kuɗinsa ake ɗaukar nauyin dattawa da masu ciwon suga da hawan jini. Idan masu lafiya suka fice aka bar majinyata zalla, dole kuɗin ya tashi, tashin kuma ya sake korar wasu.

To, amma riƙe su fa? Nan ake yin ta.

Ƙanwata ta watsar da nata kamfanin bana, kuma ba tsada ce ta kore ta ba. Haƙori ya hana ta barci, ta je asibiti, aka ajiye ta a benci ana jiran lambar amincewa daga kamfani. Tana riƙe da kunci har aka kusa tashi daga aiki, sannan aka ce wai tsarinta bai haɗa da haƙori ba. Yarinyar da ta saba tura kuɗi ta waya kafin ƙiftawar ido, ita za a sa wannan zaman? Haba!

Inda ta koma, manhajarsu tana nuna mata abin da za a biya da wanda ba za a biya ba, cikin magana mai sauƙi. Tana ganin likita ta bidiyo, akwai gilashin ido, akwai mai ba da shawara kan damuwa (wannan kam mu manya mun raina shi, su kuwa shi suke fara tambaya). Har ta ja ƙawayenta sun yi rajista.